Hawan jini da raunin ƙashi bayan ɗaukewar al'ada

An daɗe ana cewa raunin ƙashi a jikin mace tsufa ne kawai, babu ruwansa da hawan jini, kuma muddin ƙashi ba ya ciwo, lafiya lau yake. Ba abin mamaki ba ne a ɗauka haka, domin dukansu biyun a ɓoye suke ɓarna.

Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin istrojin da ke kare ƙashi yakan ragu, ƙashi ya fara zaizayewa. Hawan jini da yawan gishiri kuma suna sa ƙoda ta riƙa zubar da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ta fitsari, jiki kuwa daga ƙashi yake cike giɓin. Shi ya sa ake yawan samun ƙarancin kaurin ƙashi ga matan da ke da hawan jini.

Gishirin yini kada ya wuce giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi. A lissafa har da dunƙule da kanwa, nan ake yawan mantuwa. Nono, zogale da ƙananan kifi da ƙayarsu na ba da kalsiyam.

Maganin hawan jini ma ya bambanta: mai suna tayazaid na rage zubar kalsiyam, mai suna furosemaid na ƙara shi. Kada a sauya sai da likita.

Dubawa ba wuya: awon jini 140/90 ko sama a kai a kai alamar hawan jini ce; raguwar tsayi da santimita 4, ko karaya daga ɗan zamewa a tsakar gida, duk dalili ne na neman gwajin DXA, wato hoton da ke auna kaurin ƙashi. Sakamakon -2.5 ko ƙasa na nufin ƙashi ya yi rauni.

Don Allah a tura wa iyayenmu mata wannan bayani.