Tara tsofaffin zanen barkwancin Birtaniya kan yaƙi

Tara zanen barkwanci na siyasa sha'awa ce da ta daɗe a Birtaniya, kuma zanen da ya shafi yaƙi da katsalandan a ƙasashen waje na cikin waɗanda aka fi nema.

Masu tarawa kan fara ne da James Gillray, wanda ya rasu a 1815. A wani zanensa na 1805, Firayim Minista William Pitt da Napoleon na Faransa suna zaune a teburi, duniya ce a faranti, kowa da wuƙarsa: Pitt na yankar teku, Napoleon na yankar Turai. A kan farantin jan ƙarfe ake sassaƙa irin wannan zane, a buga, a shafa launi da hannu, sannan Hannah Humphrey ta sayar a shagonta na Landan. Daga baya Henry Bohn ya sayi farantan ya sake bugawa a wajejen 1850. Bugunsa yakan zo da lamba a kusurwa, sau da yawa da wani zanen a bayan takardar, kuma darajarsa ba ta kama ƙafar na farko ba. Nan ne sabon shiga ya fi yin asara, don haka sai ya juya takarda ya duba bayanta kafin ya biya.

Mujallar Punch, wadda ta fara fita a 1841, ta fi sauƙin samu. A cikinta John Leech ya zana sojojin yaƙin Kirimiya cikin tsumma da sanyi, ana yi musu albishir da lambar yabo. A 1892 Linley Sambourne ya zana Cecil Rhodes, jigon mulkin mallakar Birtaniya, ya buɗe ƙafa a kan Afirka, ɗaya a Masar, ɗaya a kudancin nahiyar. Yawancin shafukan Punch da ke kasuwa an ciro su ne daga kundayen da aka farke, abin da ke da ban takaici, domin zane ya rabu da labarin da ya haife shi.

Daga ƙarni na 20, zanen hannu na asali ake farauta a wajen gwanjo. Akwai na David Low na 1939, inda Hitler da Stalin ke rusuna wa juna a kan gawar Poland, da na Philip Zec na 1942 kan farashin fetur, wanda ya fusata gwamnatin Churchill har ta yi barazanar rufe jaridar Daily Mirror da ta buga shi.

Da yawa daga zanen zamanin mulkin mallaka sun wulaƙanta 'yan Afirka da Indiyawa da mutanen Ireland. Ajiye su tare da bayanin zamaninsu ya fi ɓoye su amfani, don shaida ne.

Rana na kashe launi, danshi na kawo tabo, gam kuma na cin takarda. Mai son tantance abin da ya saya yana iya kwatanta shi da tarin Gidan Tarihi na Birtaniya, ko na taskar zanen barkwanci da Jami'ar Kent ta kafa a 1973.