Jan Furen da ke Ƙirjin 'Yan Ƙwallo: Tambayoyi da Amsoshi kan Ranar 11 ga Nuwamba

Daren Asabar na biya gidan kallon ƙwallon da ke bayan layinmu a Ƙofar Ƙaura don in kira ɗan ƙanwata ya zo ya ci tuwo. Hunturu ya fara leƙowa, janareta na ta kuka, yara sun cika benci har ƙofa. Sai na tarar 'yan wasan Ingila sun jeru a tsakiyar fili, kowa kai sunkuye, an busa ƙaho, filin ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Wani daga baya ya ce, "Wa ya mutu kuma?" Wani ya ce ai sarauniyarsu ce ake tunawa. A ƙirjin kowane ɗan wasa akwai wani ɗan jan fure mai baƙin ɗigo a tsakiya. Da muka fito yaron ya dinga jefo mini tambayoyi har muka kai gida, washegari abokansa suka zo da nasu. Ga su nan, da amsar da na ba su.

Kawu, wai me suke tunawa?

Ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Litinin 11 ga Nuwamba 1918, wadda ta faɗo a farkon watan Safar na 1337. An shafe fiye da shekara huɗu ana gwabzawa, sojoji kimanin miliyan tara zuwa goma sun mutu, ban da fararen hula. Jamus ta ƙare: yunwa a gida, tawaye a cikin sojojin ruwa, sarkinta Wilhelm na Biyu ya sauka daga mulki ranar 9 ga wata, washegari ya tsere Holan. Da asubahin ranar 11, cikin wani taragon jirgin ƙasa da aka ajiye a dajin Kompiyen a arewacin Faransa, wakilan Jamus ƙarƙashin Matthias Erzberger suka sa hannu a gaban babban kwamandan ƙawancen Ingila da Faransa da abokansu, Bafaranshe Ferdinand Foch. Aka yanke cewa bindiga za ta yi shiru da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Awa ta 11, rana ta 11, wata na 11. Wasannin ƙarshen makon da ya fi kusa da ranar su ne ake yi wa wannan tsayuwar da kuka gani.

Wannan taragon ma yana da nasa labarin. A watan Yunin 1940, da Hitila ya ci Faransa, sai ya sa aka fito da shi daga gidan tarihi, aka mayar da shi daidai inda yake a da, ya tilasta wa Faransawa su sa hannun mika wuya a ciki. Ramuwar gayya kenan, wadda aka ce ta fi ta gayya zafi.

In da asuba aka sa hannu, me ya sa aka jira har hantsi?

Don saƙo ya kai ga kowace runduna, in ji su. Amma a cikin waɗannan awoyi kusan shida wasu kwamandoji ba su fasa tura yara gaba ba, alhali sun san magana ta ƙare. Fiye da mutum dubu biyu ne suka mutu a wannan rana ta ƙarshe.

Biyu daga cikinsu ba sa fita raina. Ɗaya Bafaranshe ne, Augustin Trébuchon, makiyayi ne kafin a ɗauke shi soja, aikinsa kai saƙo. Saura kusan minti goma sha biyar a tsaya harsashi ya same shi. Hukumomin Faransa kunya ta kama su, sai suka rubuta 10 ga Nuwamba a kan kabarinsa da na waɗanda suka faɗi tare da shi. Ɗayan kuma Ba'amurke ne, Henry Gunther, wanda ya ruga kan wani shingen Jamusawa suna ɗaga masa hannu ya koma. Bai koma ba. Ƙarfe 10:59 aka rubuta a matsayin lokacin mutuwarsa.

Furen fa? Da shirun?

Furen wani ciyayi ne da ke tsirowa a ƙasar da aka tona aka birkice, kamar yadda tafasa ke mamaye juji da damina. Filayen Filandas a Beljiyam, inda igwa ta yi ta huɗar ƙasa, sai suka rufe da shi ja wur a tsakanin kaburbura. Wani likitan sojan Kanada ya yi waƙa a kansa a 1915, waƙar ta bazu, bayan yaƙi ƙungiyoyin mazan jiya suka fara sayar da na ƙyalle da na takarda don tara wa nakasassu da marayu kuɗi.

Shirun minti biyu kuwa daga Afirka ya tafi. A birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu aka fara yinsa tun ana cikin yaƙin, aka kai wa Sarkin Ingila Joji na Biyar shawara, ya yi umarni da shi a 1919. A 1920, duk a ranar, Ingila da Faransa kowacce ta karrama gawar wani soja da ba a san sunansa ba a madadin duk waɗanda ba a gane ba. Amurka ta canja wa ranar suna a 1954, ta zama ta duk wanda ya taɓa yin aikin soja, mai rai ko matacce.

To mu ina ruwanmu da yaƙin Turawa?

Nan ne na ɗan ɗaga murya, don ruwanmu ya fi yadda ake zato. A lokacin Sarki Muhammadu Dikko ne a gadon Katsina, Turawa ba su daɗe da kama ƙasa ba. Maƙwabciyarmu Kamaru a hannun Jamus take. Sojojin da Ingila ta tura su yaƙe ta mafi yawansu baƙaƙe ne na rundunar Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da oda. A ƙarshen watan Agustan 1914 suka taso daga Yola suka far wa Garwa, aka koro su da asara mai yawa. Sai a watan Yunin 1915 garin ya faɗi. A kan dutsen Mora kuwa, can kusa da iyakar Borno, 'yan tsirarun Jamusawa da sojojinsu baƙaƙe suka kafe kusan shekara ɗaya da rabi, ba su sauko ba sai Fabrairun 1916. Wato a gefe biyun duk 'ya'yan wannan yanki ne ke harbin juna.

Daga nan aka loda dakarun Najeriya a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka, ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya. A karon Mahiwa, cikin Oktoban 1917, sun sha wuya ƙwarai. Bayan soja kuma akwai dubban 'yan dako da ke ɗaukar harsasai da abinci a ka, cuta da yunwa suka fi bindiga cinye su, yawancinsu ko suna ba a rubuta ba. Baitulmalin sarakunan Arewa ma ya zuba kuɗi a asusun yaƙin. A arewa da mu kuma, daga Disambar 1916 zuwa Maris na 1917, Kawusan da Abzinawansa suka yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas.

Ga abin da ya fi ba yaran mamaki. Harsashin farko da wani sojan ɓangaren Ingila ya harba a duk yaƙin, a Togo aka harba shi cikin Agustan 1914, kuma wanda ake danganta wa shi sunansa Alhaji Grunshi, na rundunar ƙasar da ta zama Gana. Ƙarshen yaƙin ma a Afirka ya makara. Kwamandan Jamus Lettow-Vorbeck yana cikin daji bai ji labari ba sai bayan kwana biyu ko uku, bai ajiye makami ba sai 25 ga Nuwamba a garin Mbala na Zambiya ta yau.

Taswirarmu ma yaƙin ya taɓa ta. Ingila da Faransa suka raba Kamaru, yankin arewa na rabon Ingila ya zaɓi zama da Najeriya a ƙuri'ar 1961, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Duk wanda ya taɓa sayo kaya a Mubi ya taka ƙasar da a da take hannun Jamus.

Murnar ranar kuma ba ta iso mana da daɗi ba. A watan Satumban 1918 annobar mura ta sauka Legas daga jiragen ruwa, ta biyo layin dogo zuwa Arewa. Ana kiyasin ta kashe kusan rabin miliyan a Najeriya.

Ƙasashen Musulmi fa?

Daular Usmaniyya ta Turkiyya tana ɓangaren Jamus, kuma ta riga ta sa hannu a tata yarjejeniyar ranar 30 ga Oktoba. Kwana biyu bayan 11 ga Nuwamba jiragen ruwan ƙawance suka shiga Istanbul. Kwamandan Turkawa da ke tsaron Madina, Fakhri Pasha, ya ƙi fita daga birnin Manzo (SAW) har Janairun 1919. Daga wannan rushewar ne Ingila da Faransa suka yanyanka Siriya, Lebanon, Iraƙi da Falasɗinu, a 1924 kuma aka soke halifanci. Sai ga shi Yasir Arafat, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan rikicin da ya samo tushe daga wannan rabo, ranar 11 ga Nuwamba 2004 ya rasu a wani asibitin soja kusa da Faris yana da shekara 75, aka binne shi a Ramalla.

Me ya sa mu a watan Janairu muke tuna sojojinmu?

Da can tare da sauran ƙasashen renon Ingila muke yi a Nuwamba. Bayan yaƙin basasa aka mayar da ranar 15 ga Janairu, don a ranar ce ta 1970 jagoran Biyafara Philip Effiong ya miƙa wuya ga Janar Gowon a Barikin Dodan. Ita ce ranar da kuke ganin shugaban ƙasa da gwamnoni suna ajiye furanni suna sakin tattabaru.

A ganina canjin ya dace, kowa ya yi makokin gidansu a ranar gidansu. Sai dai ga ɗan Arewa ranar tana da ɗaci biyu, don a 15 ga Janairun 1966 ne aka yi juyin mulkin da ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Bayan nan ne Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa. Abin da ya ɗan dame ni shi ne, da aka bar Nuwamba sai aka bar mutanen Garwa da Mora da Mahiwa tare da ita. Dattawanmu sun san mazan jiyan Boma na yaƙin Hitila, sun gan su da lambobinsu a ƙirji. Na farkon kuwa ba ka jin ana ambatonsu.

Akwai wani abin da ya faru a Afirka a wannan rana?

Biyu, kuma duk sun shafe mu. A 1965 Ian Smith, jagoran Turawa 'yan tsiraru a Rodeshiya, ƙasar da yanzu ake kira Zimbabwe, ya yi shelar ɓallewa daga Ingila don kada mulki ya koma hannun baƙaƙe masu rinjaye. Da gangan ya daidaita shelar da ƙarfe goma sha ɗayan Landan, wai ya tuna wa Ingila cewa sun yi mata yaƙi. Tafawa Ɓalewa ya kira shugabannin ƙasashen renon Ingila taro a Legas kan maganar, 11 da 12 ga Janairun 1966. Firayim Ministan Ingila Harold Wilson ya ce takunkumi zai durƙusar da Smith cikin makonni. Kwana uku bayan taron aka kashe mai masaukin baƙi, makonnin Wilson kuwa suka zama shekara goma sha huɗu. A 1979, lokacin da ɗan Katsina Shehu Musa 'Yar'aduwa ke mataimakin Obasanjo, Najeriya ta ƙwace kadarorin kamfanin BP don matsa wa Ingila lamba. Gidajen man AP daga nan suka samo asali. Zimbabwe ta sami 'yanci a Afrilun 1980.

Na biyu Angola ce, wadda ta rabu da Fotugal ranar 11 ga Nuwamba 1975 tana cikin yaƙi tsakanin ƙungiyoyi uku. Da ya tabbata sojojin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu sun shiga ƙasar, Janar Murtala ya amince da gwamnatin Agostinho Neto kafin watan ya ƙare, ya ba ta dala miliyan 20. Shugaban Amurka Gerald Ford ya aiko da wasiƙa yana nuna wa shugabannin Afirka inda za su bi, Murtala ya je Adis Ababa a Janairun 1976 ya mayar masa da martani a bainar jama'a. Bayan wata guda aka harbe shi a Legas. Angola kuma ba ta ga zaman lafiya ba sai 2002.

Duk makoki ne kenan, babu mai dariya a ranar?

Akwai. Folan tana bikin dawowar 'yancinta na 1918 bayan shekara 123 ba ta cikin taswira. Manoman Turai tun zamanin da suna ɗaukar ranar a matsayin rufewar kaka, a yanka dinya, a biya haya, a sallami barori, kusan yadda mu ma sai dawa ta shiga rumbu ake biyan bashi ana sa ranar aure. A Kolon ta Jamus da ƙarfe 11:11 ake buɗe kakar bukin bankaura.

Sai Sin, inda ɗaliban jami'a a birnin Nanjin suka kalli 11/11 suka ga sanduna huɗu a tsaye, kowace ita kaɗai, suka ce ranar marasa aure ce. A 2009 kamfanin Alibaba ya mayar da ita ranar karya farashi a intanet, yanzu tana cikin manyan ranakun ciniki a duniya, har 'yan kasuwarmu masu odar kaya daga can suna jiranta. Ɗan ƙanwar tawa, wanda ya haura talatin bai ajiye ko akwati ɗaya na lefe ba, ya ce ashe dai akwai ƙasar da ta san darajar gwauro. Na ce masa gwauro ai wanda ya taɓa aure ne, shi tuzuru ne, kuma in azumi ya zo masu tashe sun san ƙofar ɗakinsa.