Waiwaye: Daga Ina "Ba Mu Karya Doka Ba" Ta Samo Asali?

Kusan duk lokacin da aka bankaɗo badaƙalar wani kamfani, ko an sayar da bayanan masu waya, ko an karkatar da riba zuwa ƙasar da harajinta bai taka kara ya karya ba, ko an cusa sharuɗɗan bashi cikin ƙananan rubutun da ba mai karantawa, amsar ɗaya ce: ba mu karya doka ba. Sau da yawa kuma gaskiya suke faɗi. Daga nan sai muhawara ta rabu biyu. Wasu su ce a tsaurara doka, wasu su ce doka ba ta gyara hali, sai dai 'yan kasuwa su ji tsoron Allah. Kowane ɓangare na magana kamar jiya doka da ɗa'a suka raba gari, alhali rabuwar ta daɗe, kuma ana iya nuna inda ta fi buɗewa.

A zamanin da, mutum ɗaya doka da kunya suke nema. Dokokin Hammurabi, sarkin Babila, kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ce maginin da gininsa ya rufta ya kashe mai gida, shi ma kisa ne hukuncinsa. Alƙur'ani ya yi wa masu tauye mudu kashedi da azaba, Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, daulolin Musulunci kuma suka naɗa muhtasibi yana zagaya kasuwa yana duba ma'auni. A Turai ƙungiyoyin masu sana'a suna korar wanda ya ɓata musu suna. Ha'inci bai taɓa ƙarewa ba, amma an san ƙofar da za a buga idan an yi shi.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ya faru a Ingila tsakanin 1855 da 1862. Kafin lokacin, in ka haɗa jari da wasu aka ci bashi da sunan kasuwancin, ba a tsayawa a kan abin da ka zuba. Gidanka, gonarka, duk abin da ka mallaka na cikin lissafi, kuma kurkukun masu bashi na jiran wanda ya gaza, domin sai a 1869 aka soke mafi yawan wannan ɗauri. Dokar 1855 ta ce kamfanin da ya cika sharuɗɗa, ciki har da samun mambobi aƙalla 25, masu shi ba za su yi asarar abin da ya wuce hannun jarinsu ba. A 1856 aka sauko da adadin zuwa bakwai, dokar kamfanoni ta 1862 ta tattara komai wuri guda. Abin da aka ɗora wa kamfani a madadin wannan gata shi ne ya rataya kalmar "Limited" a ƙarshen sunansa. Yau ana ganinta a allon kamfani kamar ado ko alamar girma. Asalinta gargaɗi ce ga mai ba da bashi: ka sani, in abu ya lalace, aljihun masu wannan wuri ba naka ba ne.

Ba da mugun nufi aka yi dokar ba. Layin dogo da manyan masana'antu suna buƙatar kuɗin dubban mutane, kuma ba mai hankalin da zai sa ɗan abin da ya tara a harkar da bai san yadda ake tafiyar da ita ba, in har kuskuren wani zai iya raba shi da gidansa. A 1878 wani banki a Sikotilan ya durƙushe, masu hannun jarinsa ba su da wannan kariya, aka bi su da bashin har mafi yawansu suka tsiyace, ciki har da waɗanda ba su taɓa taka ofishinsa ba. Shekara ɗaya bayan haka aka sauƙaƙa wa bankuna hanyar samun kariyar.

Sai shari'ar Salomon. Wani mai sana'ar takalma ne a Landan, a 1892 ya mayar da kasuwancinsa kamfani. Doka ta ce mutum bakwai, sai ya kawo matarsa da 'ya'yansa biyar, kowa hannun jari ɗaya, shi kuma 20,001. Kasuwa ta juya baya, kamfanin ya faɗi, masu bin bashi suka ce ai kamfanin shi ne Salomon, Salomon shi ne kamfanin, ya biya. Kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansu. A ƙarshen 1896 Majalisar Dattawan Ingila, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta rushe hukuncin: doka ta nemi mutum bakwai, ga su nan, kamfani kuwa mutum ne mai zaman kansa. Salomon bai karya wata doka ba, shi ma ya yi asara. Amma daga ranar ya tabbata cewa ana iya samun "mutum" a kasuwa wanda yake cin bashi, yake ƙulla yarjejeniya, yake kai ƙara, amma ba shi da fuskar da za ta ji kunya, ba shi da maƙwabcin da zai daina gaishe shi. Ƙasashen da suka gaji dokokin Ingila duk sun ɗauki wannan ƙa'ida.

Gargaɗin nan na "Limited" yana amfanar wanda ya zo da ƙafarsa ya ba da bashi ko ya sayar da kaya, domin yana iya neman jingina ko ya fasa. Wanda aka gurɓata masa ruwan sha fa, ko ma'aikacin da inji ya cinye wa hannu? Ba wanda ya tambaye su ko sun yarda da sharaɗin. Da jihar New Jersey ta Amurka ta ba kamfani damar mallakar hannun jarin wani kamfanin a ƙarshen shekarun 1880, katangar da ke raba aljihun masu kamfani da bashinsa ta samu hanyar ninkuwa: riba ta hau sama wurin uwar kamfani, haɗari ya zauna ƙasa wurin ƙaramin reshe da ba shi da abin biya.

Abin da ya biyo baya an san shi, kuma yawancinsa ihu ne bayan hari. Amurka ta yi dokar tsaftar abinci da magunguna a 1906, ta yi dokar hannayen jari a 1933 bayan rushewar kasuwa ta 1929, ta haramta ba jami'an ƙasashen waje cin hanci a 1977. A wasu ƙasashen Turai har ƙarshen shekarun 1990 ana iya lissafa irin wannan toshiyar baki cikin kuɗin gudanarwa a rage haraji da ita, wato doka da kanta ba ta ga aibu ba. A 2002 aka ƙara tsaurara doka a kan masu binciken asusun kamfanoni a Amurka. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam, sai dai ba su da ƙarfin tilastawa.

Sai a 'yan shekarun nan aka koma taɓa katangar kanta. Faransa ta yi doka a 2017 da ta wajabta wa manyan kamfanoni sa ido a kan rassansu da masu kawo musu kaya, Jamus ta bi sahu a 2021, Tarayyar Turai ta amince da tata a 2024. Tun kafin ta fara aiki aka soma jinkirta ta da rage mata kaifi, da hujjar cewa nauyin ya yi wa kamfanoni yawa.