Yanayin Tekun Atlantika na Yankin Zafi da Hatsarin Iska a Kan Ruwa

Yankin zafi na Tekun Atlantika shi ne ɓangaren da ke kwance tsakanin Afirka ta Yamma da Amurka ta Kudu da tsibiran Karibiyan, arewa da kudancin layin ikwaita. Ruwansa da ɗumi kusan duk shekara, iskarsa kuma takan bi hanya ɗaya wata da watanni, shi ya sa ake masa kallon teku mai sauƙin kai. Sai dai a nan ne manyan guguwowin da ke rusa garuruwa a Karibiyan da Amurka suke tasowa, kuma yawancinsu asalinsu hadarin damina ne da ya ratsa Sahel. Damagaram na da nisan kimanin kilomita 1,000 daga bakin teku, amma danshin da ke zama ruwan da manomin Mirriya ko Magarya ke jira daga wannan teku yake tasowa, hadarin da ya wuce ta kansa kuma can ya nufa.

Iskoki biyu da mahaɗarsu

Iska biyu ke mulkin yankin. Ɗaya busasshiya ce, tana fitowa daga arewa maso gabas, ita ce iskar hunturu idan tana kan tudu. Ɗayar tana tasowa daga kudancin teku, in ta tsallaka ikwaita sai ta karkata ta shigo ƙasa ta kudu maso yamma ɗauke da danshi. A kan ruwa, mahaɗarsu wani zirin wuri ne na gajimare da tsawa da iska marar tabbas, inda jiragen da, masu tafiya da iska, kan yi kwana da kwanaki ba motsi.

Mahaɗar ba ta zama wuri ɗaya. A Janairu tana kusa da gaɓar Mashigin Gini, a Agusta ta haura har arewa da Agadas. Abin da ke taimaka mata hawa shi ne sanyin da ruwan mashigin ke yi daga Mayu zuwa Agusta, daidai lokacin da Sahara ke tafasa, sai iska ta kwararo daga wurin sanyi zuwa wurin zafi. Saboda haka ne a Agusta, watan da Damagaram ke samun mafi yawan ruwanta na kimanin milimita 400 a shekara, Kwatano da Akara suke cikin ɗan gajeren rani.

Hadarin gabas

Duk wanda ya yi damina a Damagaram ya san ruwa daga gabas yake zuwa, ko da yake danshin daga kudu ya shigo. A watan Yuni, da la'asar, gabas kan yi ja wur kamar an gina katanga, iska ta ɗauke cak na ɗan lokaci, ƴan kasuwar Dole su shiga tattara kaya suna rufe buhuna da leda. Sai ƙura ta rufto gari har a kunna fitila da rana, kwanon rufi ya yi ta ƙara, bayan haka ruwa ya sauko in da rabo. Wannan hadari layi ne mai tsawon ɗaruruwan kilomita, yana gudun kimanin kilomita 50 zuwa 60 a awa, kuma irinsa ne ke kawo kaso mafi girma na ruwan Sahel. Sau da yawa a kan duwatsu yake haɗuwa, irin su Ayar da Jos da Darfur.

Hadarin bai tsaya a bakin teku ba. Tsofaffin matuƙan Turawa a gaɓar Gini sun kira shi “tornado”, kuma sun fi tsoronsa a farkon damina da ƙarshenta, domin yakan faɗo ne bayan iska ta kwanta, jirgi na sake da filafilansa a buɗe. Ba ya daɗewa, galibi bai kai awa ɗaya yana bugu ba, amma ya isa ya kifar da kwale-kwale.

Sama da waɗannan hadura akwai wani babban tsari da masana ke kira taguwar iskar gabas. Taguwar kan taso daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, tana bin juna duk kwana uku zuwa biyar, kimanin 60 a shekara. Yawancinsu sukan mutu a kan teku. Wasu kuwa, in sun tarar da ruwa mai zafin da ya kai digiri 26 zuwa 27, suna kuma nesa da ikwaita da aƙalla digiri 5 na ma'aunin taswira yadda juyawar duniya za ta iya murɗa su, sai su dunƙule su zama guguwa kusa da tsibiran Kabo Verde da ke yamma da Senegal. An ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na manyan guguwowin Atlantika haka suka faro. Lokacinsu daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, sun fi tsanani a Agusta da Satumba, lokacin da gero ke fidda kai a gonakinmu. Kusan duka yamma suke tafiya, shi ya sa gaɓar Afirka ba ta cika ganinsu ba, amma a ƙarshen Agustan 2015 guguwar Fred ta ratsa Kabo Verde, irinta ta farko tun 1892.

A 1974, ana fama da fari a Sahel, aka tara jiragen ruwa da na sama na ƙasashe da dama a Dakar don babban binciken da ake kira GATE, wanda ya kafa tushen sanin waɗannan taguwoyi. Daga baya an lura cewa farin da aka yi cikin shekarun 1970 da na 1980 ya zo daidai da ƙarancin manyan guguwowi a Atlantika. Game da sanadin farin kansa an yi saɓani: wasu sun ɗora shi kan sare itatuwa da yawan kiwo, mafi yawan masana yanzu sun fi karkata ga sauyin zafin ruwan teku.

Goshin iskar sanyi

Goshin iskar sanyi shi ne iyakar da iska mai sanyi da nauyi ke kutsowa ƙarƙashin mai ɗumi tana ɗaga ta sama. Masanan birnin Bergen na Norwe, ƙarƙashin Vilhelm Bjerknes da ɗansa Jacob, su suka bayyana shi wajen 1919 zuwa 1920, suka aro sunan daga fagen daga na Yaƙin Duniya na Ɗaya. In ya wuce ta kan jirgi, iska kan juya farat ɗaya, ta ƙara ƙarfi, igiyar ruwa ta zo ta fuska biyu.

Asalinsa na ƙasashen sanyi ne, kuma yakan raunana kafin ya iso yankin zafi. A Mashigin Meksiko yana saukowa da hunturu, iskar da ke bayansa ta matsu a wata kafar duwatsu ta fito Mashigin Tehuantepec, a ɓangaren Tekun Pasifik, da ƙarfin gaske. A wajenmu kuwa ta hanya biyu ake jin sa. In ya ratsa Bahar Rum da Arewacin Afirka, iskar sanyin da ke binsa kan malalo Sahara ta zaburar da hunturu, ta kwashi ƙurar kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Kwana ɗaya ko biyu bayan haka Damagaram ta wayi gari cikin hazo, rana fara fat, duwatsun unguwar Birni ba sa ganuwa daga nesa, leɓe da dunduniya suna tsagewa. Ƙurar nan ita ce ke ci gaba har teku ta rufe wa matuƙa ido. A farkon Maris 2004 wani goshin sanyi ya tayar da ƙurar da tauraron ɗan adam ya ɗauka kamar baka, daga tsibiran Kanari har ta isa Mashigin Gini. Charles Darwin ya tattara irin wannan ƙura a kan jirgin Beagle kusa da Kabo Verde a Janairun 1832. Masanan Larabawa na da suna kiran Atlantika Tekun Duhu, wasu na ganin hazon nan ne dalili.

Hanya ta biyu daga kudu take. Guguwowin kudancin Atlantika sukan turo dogayen igiyoyi dubban kilomita, su fashe a gaɓar Gini ko da sama na garau. Gaɓar ba ta da mafakar jirage ta halitta sosai, shi ya sa aka daɗe ana sauke kaya da ƙananan jirage. Gadar sauke kaya da Jamusawa suka gina a Lome a 1904, igiyar ruwa ta karya ta a 1911. Tashar Kwatano mai zurfi, wadda kayan Nijar suka daɗe suna bi, sai a 1965 aka buɗe ta.

Ma'aunin ƙarfin iska

Francis Beaufort, hafsan sojan ruwan Ingila, ya tsara ma'auninsa wajen 1805, daga mataki 0 zuwa 12. Mataki na 8 shi ne iska mai gudun kilomita 62 zuwa 74 a awa, inda igiya ke wuce mita 5, kanta na farfashewa, kumfa na jan layi a kan ruwa. Na 10 ya fara daga kilomita 89, na 12 daga 118. Bayan jirgin Royal Charter ya tarwatse a gaɓar Wales a Oktoban 1859 har mutum kimanin 450 suka rasu, Robert FitzRoy, wanda shi ne kyaftin ɗin Beagle a da, ya fara tura gargaɗin iska zuwa tashoshi ta wayar tangaraho a 1861.

Hatsarin Joola

Ranar 26 ga Satumba 2002, jirgin fasinja na Senegal mai suna Joola ya taso daga Ziguinchor zuwa Dakar. Wajen ƙarfe 11 na dare hadari ya same shi daura da gaɓar Gambiya, ya kife cikin ƴan mintoci. An gina shi ne don mutum kimanin 580, amma alƙaluman hukuma sun ce 1,863 suka rasu, 64 kacal suka tsira. Ƙungiyoyin iyalan mamatan na cewa adadin ya fi haka. Masunta ne suka fara ciro mutane da kwale-kwalensu, ceton hukuma bai iso ba sai washegari. Iskar daren ba ta fi ta hadarin damina da aka saba ba. Lodin da ya wuce kima ne ya mayar da ita ajali, kuma wannan lodi shi ne har yau ke cin ran matasan da ke shiga kwale-kwale daga Senegal da Muritaniya zuwa Kanari.

Gargaɗi a yau

An raba tekunan duniya shiyya-shiyya don gargaɗi. Hukumar yanayi ta Faransa ke da alhakin shiyyar gabashin Atlantika da ta haɗa da gaɓar Afirka ta Yamma, cibiyar guguwa ta Amurka da ke Miami kuma tana bin taguwoyin tun daga fitowarsu daga Afirka. A Yamai akwai cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET, masu hasashen damina da yanayin nahiyar.