Waiwaye: Yadda gubar dalma ta bi ƙasa daga ramin zinare zuwa gona a Zamfara

Agwagi ne suka fara ƙarewa. A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum sun lura da haka, amma babu wanda ya kawo komai a ransa. Daga baya abin ya koma kan yara: amai, ciwon ciki, jijjiga, wasu su suma ba su farfaɗo ba. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da magani, bai yi aiki ba. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka ci karo da lamarin, gwajin jini kuma ya nuna dalma ce. Kafin a shawo kan annobar, yara aƙalla 400 sun rasu.

Tushen abin yana cikin dutsen kansa. A 2009 farashin zinare ya haura dala 1,000 kan kowane oza, manoma da yawa suka ajiye fartanya suka shiga rami. Sai aka yi rashin sa'a, dutsen zinaren wannan yanki cuɗe yake da dalma, dangin dutsen nan da ake yin tozali da shi. A Dareta, Abare, Yargalma, Sunke, Tungar Daji da Bagega, buhu-buhu ake kawo shi cikin gari. Mata su daka a turmin da suke dakan fura, maza su niƙa a irin injin da ke niƙa hatsi, a wanke garin a bakin kududdufi, a kama zinaren da zaiba, wato makuri. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. A wasu wuraren an auna dalma fiye da 100,000 cikin miliyan a ƙasa, alhali ma'aunin Amurka na lokacin bai yarda ta wuce 400 ba a inda yara ke wasa.

Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba shi da amfani idan yaro zai koma gidan da ya kwaso ta. Don haka kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jiha da na ƙauyukan, suka kankare saman ƙasar gidaje da fartanya, suka binne ta a ramuka na musamman, suka zubo sabuwa. An gama ƙauyuka bakwai daga 2010 zuwa 2011. Bagega, wadda ta fi girma, sai da ta jira har 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun matsa wa gwamnatin tarayya lamba ta saki kuɗin. Jiran nan har yau yana yi mini ciwo, domin yara ne suka biya shi da jikinsu.

Aikin ya ceci rayuka, babu musu. Sai dai ƙarfinsa ya tafi kan gidaje, hanyoyin cikin gari, wuraren niƙa da kududdufai, inda haɗarin ya fi gaggawa. Gona lissafinta daban ne. Ba a kankare kadada ɗari da hannu, kuma dalma ba ta ruɓewa kamar taki. Inda ta zauna, nan za ta yi shekara aru-aru. Damina na wanke dusar dutsen da aka tara a bakin rami ta gangara da ita fadama, inda ake noman shinkafa da lambu. Iskar hunturu na ɗaukar ƙura ta watsa kan yabanya. Ga kuma al'adarmu ta kwashe juji da takin gida a kai gona kafin shuka, wadda a gari mai guba take zama hanyar jigilarta.

Gero da dawa ba sa zuƙar dalma sosai ta saiwa har ta kai ƙwaya. Binciken da aka yi kan abincin waɗannan ƙauyuka ya nuna yawancin gubar bayan girbi take shiga: wurin sussuka a ƙasa, wurin shanya, wurin niƙa. Ganye irin alayyafo da yakuwa kuwa ƙura na maƙale musu, awaki da shanu na haɗiye ƙasa tare da ciyawa, su sha ruwan kududdufi.

A 2015 irin wannan ta sake faruwa a Shikira, cikin ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. A 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, amma saboda 'yan bindiga, kuma haƙar ba ta tsaya ba, ɓuya ta yi, ga jami'an lafiya sun kasa shiga ƙauyuka da dama. MSF ta miƙa wa gwamnatin jihar Zamfara aikin jinyar yaran a 2022. A Disambar 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya ɗage haramcin.

An riga an gwada niƙa dutse da feshin ruwa a bayan gari, an ga yana rage ƙura ƙwarai. Abin da manomin Anka yake buƙata a kan wannan shi ne ma'aikacin gona ya zo da na'urar awo, ya bi fadama gona-gona, ya ce masa wannan gefen shuka dawa, wancan kada ka yi lambu a ciki, masussukarka kuma ka ɗauke ta daga nan ka shimfiɗa tamfol.