Kulob ɗin Hidimar Al'umma a Zariya: Mitin, Lacca da Tara Kuɗi

Kulob ɗin hidimar al'umma ƙungiya ce ta sa-kai wadda ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'a ke kafawa, suna haɗuwa galibi sau ɗaya a sati, su saurari lacca daga bakin wani baƙo, su tara kuɗi daga aljihunsu da na jama'a su yi wa gari aiki. Ba wanda ake biya albashi, hasali ma mamba shi ne ke biyan kuɗin shekara. Waɗanda suka fi suna a duniya su ne Rotary da Lions, sai Inner Wheel ta mata. A gari irin Zariya mai jami'a da asibitin koyarwa da kwalejoji birjik, mambobin irin wannan kulob yawanci malaman makaranta ne da likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki, sai 'yan kasuwa.

Asali

Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa Rotary a birnin Shikago na Amurka ran 23 ga Fabrairu 1905, shi da abokansa uku, kuma da farko mitin ɗin zagayawa yake yi, yau ofishin wannan, wani satin ofishin wancan. Lions ta biyo baya a 1917, ita ma a Shikago, a hannun Melvin Jones, ta fi shahara wajen aikin ido da taimakon makafi. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, kulob ɗin Rotary na farko a Najeriya a Kano aka kafa shi a 1961, kuma ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya baki ɗaya, Jonathan Majiyagbe, lauya ne da ya yi zama a Kano, ya riƙe kujerar daga 2003 zuwa 2004. Mata kuwa sai a 1989 aka buɗe musu ƙofar zama mambobi a ko'ina.

Yadda mitin yake

Mitin ɗin sati shi ne ƙashin bayan kulob, in ya mutu to kulob ya mutu ko da akwai kuɗi a akawun. Ana yin sa ne a rana ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, galibi a zauren otal ko na makaranta, kuma a nan wajenmu dole a duba sallah, shi ya sa tsakanin la'asar da magariba ya fi daɗi. Shugaba ya buga 'yar ƙararrawar da ke gabansa, kowa ya yi tsit, a gabatar da baƙi, sakatare ya karanto abin da aka tattauna a zaman baya, ma'aji ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita. A Rotary akan karanta tambayoyi huɗu da wani mamba mai suna Herbert Taylor ya rubuta a 1932: shin gaskiya ce, shin an yi wa kowa adalci, shin zai ƙara zumunci, shin zai amfani duk wanda abin ya shafa.

Akwai kuma mai kula da tsari, shi ne ke zagayawa da ɗan akwati yana cin tara, ka makara tara, ka manta fil ɗin kulob ba ka maƙala a riga ba tara, wayarka ta yi ƙara ana tsakiyar lacca tara, kai ko ƙarin girma ka samu a wajen aiki ko an yi maka haihuwa sai ka saka wani abu na murna, ana yi ana dariya amma kuɗin nan duk asusun aiki suke tafiya. A da ƙa'ida ce sai an zauna duk sati, wanda ya yi tafiya ya halarci na wani kulob a garin da ya je, amma daga 2016 Rotary ta sassauta, sau biyu a wata ma ya wadatar.

Laccar baƙo

Nan ne Zariya ta yi sa'a fiye da garuruwa da yawa, don masana a ƙofar gida suke. Ga likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga masu binciken noma a Samaru, ga malaman shari'a da harkar mulki a Kongo. Baƙo yakan samu kamar minti 20, ya yi magana kan sikila da gwajin jini kafin aure, ko hawan jini, ko shaye-shayen matasa, ko yadda ake adana masara kar ƙwari su ci, sannan a yi tambayoyi. Ba a biyansa, godiya ce kawai da 'yar kyauta. Amfanin laccar na gaske shi ne sau tari daga ita aiki ke fitowa, nas ta zo ta ce ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti ba wuta, da tocilan waya ake karɓar haihuwa da dare, kafin a tashi an kafa kwamiti ya je ya gano nawa sola za ta ci.

Inda kuɗi ke fitowa

Kuɗin shekara da tara ba sa isa babban aiki. Shekarar Rotary tana farawa ne ran 1 ga Yuli, to bikin rantsar da sabon shugaba shi ne babbar ranar gidauniya, a gayyato babban mai ƙaddamarwa da manyan gari, a buga kalanda ko mujalla a sayar, kowa ya tashi ya faɗi abin da zai bayar. Matsalar da duk mai harkar gidauniya ya sani ita ce alƙawari, mutum ya karɓi makirfo ya faɗi kuɗi mai kauri a tafa masa, daga nan sai a yi wata da watanni ana bin sa ba ya ɗaga waya. Wannan abu yana da ciwo ƙwarai, don an riga an gaya wa mutanen unguwa bohol na zuwa. Shi ya sa ma'aji mai hankali ba ya lissafi sai da abin da ya ga alat ɗinsa.

Sama da kulob akwai Gidauniyar Rotary ta duniya, wadda aka fara a 1917 da gudummawar dala 26 da santi 50 kacal. Wanda ya ba ta dala 1,000 ana karrama shi da lambar Paul Harris. Babban aikinta shi ne yaƙi da shan inna tun 1985, kuma Gidauniyar Gates tana ɗora dala biyu kan kowace dala ɗaya da Rotary ta tara don wannan. Arewa ta ga wannan yaƙi da idonta, a 2003 an dakatar da rigakafin a wasu jihohi saboda zargi, cutar ta sake bazuwa, sai da sarakuna da malamai suka shigo sannan aka dawo hanya. An ga mutum na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Borno a 2016, ran 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, duk da haka ɗigon rigakafi bai tsaya ba. Ran 24 ga Oktoba kowace shekara, ranar yaƙi da shan inna ta duniya, kulob-kulob kan yi tattakin wayar da kai.

Kallon da jama'a ke yi

Wasu na ɗaukar abin na 'yan boko masu kuɗi ne, wasu ma suna zargin ƙungiyar asiri ce. Su dai ƙungiyoyin sun ce ba ruwansu da siyasa ko bambancin addini, kuma mamba na iya zuwa da baƙo ya zauna ya ga komai. Taimakon juna kam ba baƙon abu ba ne a Zazzau, ga gayya, ga 'yan agaji, ga ƙungiyoyin unguwa masu yashe kwata da gyaran maƙabarta. Abin da kulob ya ƙara shi ne zama a kai a kai da rubuta komai da canza shugaba duk shekara, kuma ya kamata ƙungiyoyin unguwanninmu su ɗauki wannan. Ɗalibai da matasa su ma suna da nasu reshe a Rotary, Rotaract da aka fara a 1968, sai Interact na 'yan sakandare tun 1962, su ne za ka fi gani a aikin ba da jini da shara da kai ziyara gidan marayu.