Otolan bai kusa ƙarewa ba, to me ya sa Faransa ke hukunta mai kama shi?

Duk lokacin da maganar otolan, wani ɗan ƙaramin tsuntsu da wasu ke ci a Faransa, ta taso, sai ka ji wani ya ce ai kundin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, bai sa shi cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa ba, don haka kama shi ba laifi ba ne. Wannan gurguwar fahimta tana iya kai mutum gidan yari.

Kundin nan ba doka ba ne, ma'auni ne na masana. Otolan da ɗan'uwansa mai rawayan ƙirji, wanda a Sin ake kira tsuntsun shinkafa, dangi ɗaya ne da ake kira Emberiza, kuma dukansu kusan girman gwara suke. Amma shi mai rawayan ƙirji tun 2017 aka sa shi a matakin haɗari mafi tsanani, bayan an yi ta kwashe shi da raga ana kai wa gidajen abinci, kuma a 2021 Sin ta ba shi kariya ta ajin farko. Otolan kuwa, idan aka ƙirga duniya baki ɗaya, yana matakin da ba a damu da shi sosai ba.

Sai dai Faransa ta duba yadda yake raguwa a Yammacin Turai, ta ba shi cikakkiyar kariya tun 1999. Haramcin ya shafi mafarauci da mai dafawa da mai saye.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne a ɗauka sai an kashe tsuntsun laifi ke tabbata. A'a. Kama shi da tarko, ajiye shi a keji, ɗaukarsa a mota, sayarwa ko saye, kowanne laifi ne mai zaman kansa. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro 150,000. Wannan iyaka ce, alƙali na iya yanke ƙasa da haka.

Masu kama shi a yankin Landes da ke kudu maso yammacin Faransa suna cewa gado ne. Na ji, amma a duba gadon: a kulle tsuntsu a duhu, a yi ta ɗura masa gero har ya yi kitse, a nutsar da shi cikin barasa, sannan a gasa a cinye shi ɗungurungum, mai ci ya lulluɓe kansa da ƙyalle. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shekarun da hukumomi suka yi suna kawar da kai, har sai da Hukumar Tarayyar Turai ta sanar a 2016 cewa za ta maka Faransa a kotu.